Fagen Wasanni: Mai rai ya fi gawa haɗari

Wani ma'aikaci da ya daɗe yana buga DayZ, wasan kwamfuta da kamfanin Bohemia Interactive ya kammala a 2018, ya ce gawarwaki masu yawo ba su ne abin tsoro ba. Mutum kan farka bakin teku hannu wofi, cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 225, yana neman abinci da ruwa. In ya mutu, duk abin da ya tara ya salwanta. A ganinsa, haɗarin na wurin sauran ƴan wasa: wani kan yi wa mutum sallama, sannan ya harbe shi saboda gwangwanin wake. Amma bai daina ba, domin ran da baƙo ya ɗaure masa rauni ya san tsadar amana.