A Ba Hedimasta Kuɗin Alli

Yawancinmu daga furamaren gwamnati muka fito, wasu daga Kawo, wasu daga Unguwar Sarki, Badarawa, Unguwar Shanu ko Tudun Wada, kuma har gobe ƙannenmu suna can. Kowa ya san yadda ake wayar gari a irin waɗannan makarantu. Yara su zo da tsintsiya daga gida su share fili, a buga ƙararrawa, a yi layi, a rera taken ƙasa, a shiga aji. Wanda ya yi sammako ya sami benci, wanda ya makara ya shimfiɗa buhu a ƙasa. Malam ya aiki monita ofis ya karɓo alli, wani lokaci ya dawo da guntu biyu, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. Allon kansa ya koɗe, sai an daka gawayi ko an fasa tsohon batir an shafe shi sannan na baya su ga rubutu. Da damina iska ta yaye kwano ɗaya, da hunturu ƙura ta shigo ta tagar da ba murfi.

Duk abin da na lissafa ba wanda yake bukatar miliyoyi. Ƙusa ce, da kwaɗo, da kwalin alli, da ladan kafinta na yini guda. Ra'ayina shi ne, abin da ya fi cin furamarenmu yau da kullum rashin ɗan kuɗin hannu ne a ofishin hedimasta, kuma ya kamata gwamnati ta yanka wa kowace makaranta nata, gwargwadon yawan yaranta, kowane zangon karatu.

Bari mu fara duba ko wane ne mai makarantar. Albashin malamai daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. Ɗaukar malami da canja masa wurin aiki da ba da kwangilar gini suna hannun hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Sakataren ilmi na ƙaramar hukuma shi ke tsakanin hedimasta da wannan hukuma. Can Abuja kuma akwai UBEC, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta taɓa kuɗin gini sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Ko a nan arewacin kogi ma ƙananan hukumomi uku ne: Kawo tana Kaduna ta Arewa, Tudun Wada tana Kaduna ta Kudu, Rigasa kuwa tana Igabi, wadda hedkwatarta ke Turunku. To, in kwano ya yaye a Rigasa, takardar hedimasta teburi nawa za ta haye kafin a turo kafinta? Kafin ta dawo ruwa ya jiƙa silin, silin ya rufto, aikin yini guda ya zama kwangila.

Wannan yawan iyayengiji ba yau ya fara ba. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ilmin furamare kyauta ga kowa, yara suka yi dafifi fiye da yadda aka yi lissafi, aka rasa azuzuwa da malamai. A shekarar ce ma aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna. Da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa wata da watanni. A 1988 aka kafa hukumar furamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. Ana ta jefa makarantar daga hannu zuwa hannu, kuma a duk juyin nan maganar albashi da gini ake yi.

Dokar 2004 ta ce karatu kyauta ne, har ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ga wanda ya karɓi kuɗi a hannun yaro. Madalla. Amma kyauta ga uba ba ta hana mai shago neman kuɗin allinsa. Sai hedimasta ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce kowane yaro ya kawo ɗan abin da za a buga takardun jarrabawa, ya taka doka. In ya yi shiru, malam ya rubuta tambayoyi a koɗaɗɗen allo, yara tamanin su yi ta leƙe. Mai tausayi ya ciro daga albashinsa, mai baki ya bi attajiran unguwa yana roƙo. Mutumin da aka ɗauka don ya duba koyarwa ya koma mai yawon neman taimako.

Ba a ce gwamnatin jiha ta naɗe hannu ba. A watan Janairu na 2016 ta fara ciyar da 'yan furamare, yara suka ƙaru ƙwarai, ko da yake shirin bai yi nisa ba nauyin kuɗi ya sa aka dakatar da shi. A 2017 ta yi wa malamai wajen 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, ta sallame su ta ɗauki sababbi, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki a farkon 2018. An gyara makarantu, an ta da benaye a inda fili ya ƙare, kamar Rigasa, inda jaridu suka taɓa ba da labarin furamare guda mai yara sama da 20,000. Waɗannan manyan ayyuka ne, kowa da ra'ayinsa a kansu. Ni dai abin da na lura shi ne, sabon bene ma famfonsa yakan lalace, kuma malamin da ya ci jarrabawa shi ma da alli yake rubutu.

Na san abin da za a ce: a ba hedimasta kuɗi ya cinye? Tambaya ce mai kyau, kuma wasu ƙasashe sun riga mu amsa ta. A Uganda an bi sawun irin wannan kuɗi daga 1991 zuwa 1995, aka tarar kashi 13 cikin 100 kaɗai ke isa makarantu, sauran a ofisoshin gundumomi suke ɓacewa. Ka ji, ashe ba a ofishin hedimasta ɓeran yake ba! Gwamnati ta fara buga abin da ta aika a jaridu, ta ce makarantu su manna a bango. Zuwa 2001 wajen kashi 80 yana isa. Kenya kuma, da ta soke kuɗin furamare a 2003, sai ta riƙa zuba sulen ƙasar 1,020 na kowane yaro kai tsaye cikin asusun makaranta.

Mu ma mun ɗanɗana. Daga 2015 wani shiri da Bankin Duniya ya kula da shi ya riƙa tura tallafi cikin asusun kwamitocin makarantu a Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Sakkwato. Illarsa kuɗin baƙi ne, yana da ranar ƙarewa. Kwamitocin dai suna nan. A tsarinsu akwai hedimasta, wakilin malamai, wakilin mai unguwa, malaman addini, iyaye mata, masu sana'a, har da tsofaffin ɗalibai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kwamitin da ba shi da ko sisi me zai zauna ya tattauna? Shi ya sa ake kiran taro mutum huɗu su zo.

A yi misali da naira 1,000 ga kowane yaro a shekara. Makaranta mai yara 1,500 za ta sami naira 500,000 kowane zango. Kada a fitar da ko kwabo sai da sa hannun hedimasta da shugaban kwamiti, a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe da Hausa a bakin ƙofa, inda mai sayar da awara ma za ta gani. Wanda ya ci, a kama shi da sunansa.

A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, malamai kuma suka fara tuna wahalar 1991. Tun da an sake buɗe maganar wanda zai riƙe kuɗin furamare, lokacin da za a sa wannan layi cikin kasafin kuɗin jiha ke nan. Mu kuma tsofaffin ɗalibai muna da kujera a kwamitin. In an yi hutu, kowa ya leƙa tsohuwar makarantarsa, ya gai da hedimasta, ya tambaye shi wa ke zaune a kanta, da kuma ranar taro na gaba.