An bar jaki ana dukan taiki

Duk inda aka nuna zanen nan na yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wanda Johannes Vermeer ya yi a garin Delft na ƙasar Holand wajajen 1665, tambayar farko ɗaya ce: wace ce ita? Ɗiyarsa ce ko ƴar aikinsa? Tun da Tracy Chevalier ta fitar da ƙagaggen labarinta a 1999, aka mayar da shi fim a 2003, ƴar aikin da ta ƙirƙiro ta sha gaban zanen, har wasu malamai suna ba ɗalibai tatsuniyar a matsayin tarihi. Wannan ɓarna ce, domin babu wata takarda da ta ambaci sunan yarinyar. Mutanen Holand suna kiran irin wannan aiki "tronie", wato nazarin fuska da sutura wanda ba a yi shi don a gane mai fuskar ba.

Abin da ya cancanci tambaya shi ne yadda hannun ya yi aiki. Binciken da gidan adana zane na Mauritshuis ya gudanar a 2018 ya nuna cewa lu'ulu'un da duniya ke yabo ba shi da layin kewaye, ba shi ma da ƙugiyar da za ta rataye shi a kunne. Ɗigon farin fenti ne mai kauri a sama, da wata shafa mai laushi a ƙasa, inuwar farin wuyan rigarta. Idon mai kallo ne ke cika sauran. Haka karan hancin ya narke cikin kumatu ba tare da iyaka ba. Shuɗin kallabinta daga wani dutse mai tsada ne na Afganistan. Duhun da ke bayanta kuwa asalinsa koren labule ne, wanda aka haɗa da baba da wani rini rawaya, ya koɗe da daɗewa, kamar yadda duk marini ya san launi ke yi.

Daga nan yanayin hoton ya fito. Ta waiwayo bisa kafaɗa, leɓɓanta a buɗe kaɗan, haske na sheƙi a kansu. Juyowa take ko tafiya? Magana za ta yi ko ta gama? Vermeer ya bar wannan a buɗe da gangan.

Masu kare tatsuniyar suna cewa labari ne ke jawo hankalin yara. Gaskiya ne, amma yana jawo shi zuwa ga labarin. Ɗalibin da aka gaya masa cewa soyayya ce a idonta ya daina dubawa, tunda an riga an ba shi amsa. Gani ya kori ji, sai dai a ajin da ji ya riga ya rufe ido.

Malamin da ke son alheri ga ɗalibansa ya kafa musu hoton, ya yi shiru na minti biyar, sannan ya tambaye su ta ina hasken ya shigo, da kuma inda hancin ya ƙare.