WANDA YA BA DA NA FARI, ME YA HANA SHI NA BIYU?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya ratse Kabo da Garo, ko kuwa ya zarce Getso da Kutama, da wuya ya rasa ganin irin ginin nan da ya kai kan taga ya tsaya: aji biyu babu rufi, ko ɗakin shan magani wanda awaki suka mayar wurin kwana. In ka tambayi 'yan kwamiti dalili, amsarsu ɗaya ce, wai jama'a sun gaji da bayarwa. Gaskiya ne ana cikin matsi, ba mu musa ba. Amma mu a ganinmu, yawancin waɗanda a ke cewa sun gaji ba gajiya suka yi ba, mantawa da su aka yi.

Ku duba yadda mu ke yi. Ƙungiyar ci gaban gari ta sa ranar ƙaddamar da gidauniya, a kafa rumfuna, a kawo lasifika, a gayyato Hakimi da attajirai. Babban baƙo ya faɗi abin da zai bayar, maroƙi ya ɗauka, wuri ya ruɗe da tafi. La'asar na yi kowa ya watse. Daga ran nan kuwa shiru ka ke ji. Wanda ya bayar bai san ko nawa aka tara ba, bai san wanda ya cika alkawari da wanda ya yi ta bakin lasifika kaɗai ba, balle ya san inda kuɗin suka shiga. Sai bayan shekara guda, ko biyu, ya ga wata takarda ta iso, an rubuta sunansa ba daidai ba, ana neman ƙari. To, wane mai hankali ne zai yi ɗokin buɗe aljihu?

Kada a ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Amurka akwai wani shiri mai suna Fundraising Effectiveness Project, wanda aka fara a 2006, aikinsa bin lissafin ƙungiyoyin taimako. Abin da ya ke nunawa shekara da shekaru shi ne, cikin mutum biyar da suka ba wata ƙungiya gudummawa karo na fari, kusan ɗaya ne tak ke sake ba ta a shekara mai zuwa. Amma cikin waɗanda suka riga suka bayar sau biyu, wajen shida cikin goma su kan zarce. Watau ke nan wuyar aikin duka tana tsakanin kyauta ta fari da ta biyu, daidai wurin da mu ke naɗe tabarma mu tafi barci.

Dattawan da suka yi aikin En'e sun san abin da mu ke nufi. A zamanin haraji, talaka in ya biya a kan ba shi rasiɗi, sunansa na cikin littafi, kuɗin kuma su bi ta hannun Dagaci da Hakimi har Baitulmali, inda Ma'aji zai amsa tambaya in sule ɗaya ya ɓace. Ba yabon haraji mu ke yi ba. Na tilas ne, an sha wuya a kansa, har Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a 1979. Abin mamakin shi ne, kuɗin da aka karɓa da ƙarfi suna da takarda, amma waɗanda mutum ya miƙo don ra'in kansa sau da yawa ko tsinken shaida ba su da shi.

Mata ma sun fi mu wayo a nan. In ana biki, za ka ga an zaunar da yarinya da littafi tana rubuta wance ta kawo kaza, wance kaza. Ran da hidima ta zo gidan wadda ta kawo, a buɗe littafi a rama, har a ɗora. Da wannan ɗan littafi zumunci kan yi shekara talatin bai yanke ba. Uwar adashi kuma ba ta yin shela, amma kowa na zubi a kan lokaci domin kowa ya san ranar kwasarsa, ya kuma ga ta waninsa.

Mun san abin da wasu za su ce: ai sadaka don Allah a ke yi, mai neman a gode masa ya ɓata ladansa, mai bin diddigi kuwa zargi ya ke yi. A nan an gama abu biyu ne da ba ɗaya ba. Ɓoye kyauta gudun riya, wannan tsakanin mai bayarwa ne da Ubangijinsa, in ya ce a sakaya sunansa sai a sakaya. Amma wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a amana ya ɗauka, ba shi da ikon ɓoye lissafi da sunan tawali'un wani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba ya rage lada, sai dai ya toshe bakin masu tsegumi, ya kuma kāre ma'aji mai gaskiya, wanda sau da yawa shi ne a ke fara ci da baki a majalisa.

Ga ku malaman makaranta da akawuna maganar ta dawo, gama a ƙauye duk kwamitin da aka kafa ɗayanku ne magatakarda. Tun 2006 da aka amince a kafa wa kowace makarantar firamare kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, nauyin ya ƙaru a wuyanku. Abin da a ke bukata kuwa ba mai tsada ba ne. Rasiɗi nan take, ko na naira 500 ne. Godiya kafin mako ya zagayo, da sunan mutum daidai; wanda ya turo ta banki daga Legas a kira shi a waya ya ji murya, kada a bar shi da saƙon banki kaɗai. Sa'an nan labari, kafin a sake roƙo. In an aza kwano a ɗauki hoto a tura masa. In yara arba'in sun bar gindin bishiya sun shiga aji, a gaya masa su arba'in ne.

Labarin kuma har da marar daɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, lissafin gine-gine da yawa ya rushe. Kwamitin da ya fito ya ce ga abin da muka tara, ga inda ya tsaya, ga dalili, ya fi kusa da samun ƙari bisa ga wanda ya yi gum don kunya, har mutane suka cike shirun da nasu zato.

Akwai wani rashin adalci kuma da mu ke yi ba mu lura ba. Attajirin da ya zo sau ɗaya a mota shi a ke wa kirari, manomin da ya kawo dami biyu na dawa ko sannu ba ya samu. Alhali manomin nan yana gari, ɗansa ne zai zauna a ajin, baɗi ma yana nan, shi ne mai iya bayarwa kowace kaka in an riƙe shi da mutunci. Sai dai a san lokacinsa. Wanda ya je masa da roƙo a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa ga kuɗin taki, ya ɓata tafiyarsa. A bari sai amfani ya shigo gida. 'Yan gari mazauna birni, na Kantin Kwari da Dawanau da ma'aikata, lokacinsu Salla ne. Kashegarin Salla a tara su, ba don a miƙa musu faranti ba, a zaga da su su ga gini da idonsu, ma'aji ya karanta shiga da fita a bainar jama'a, a liƙa kwafi a ƙofar makaranta, a ajiye wani a gidan Dagaci domin wanda bai samu zuwa ba.