Kiɗan da ya hana yaro barci



A wani daren Oktoba ɗan ƙanenmu ya ƙi shiga ɗaki shi kaɗai. Da muka bi diddigi, sai muka tarar wani sauti ne daga wayar wansa ya zauna masa a rai. Wasan Pokémon GO ne, wanda ya fito a 2016. A Oktoban 2017 masu shi suka sauya kiɗansa na dare saboda bikin Halloween na Turawa, suka sa wani mai tayar da tsigar jiki, kuma sun sake yin haka a shekarun da suka biyo.

Kiɗan tsoho ne. Junichi Masuda, mutumin Japan, ya tsara shi domin wasan Pokémon na farko a na'urar Game Boy a 1996, don wani gari mai suna Lavender inda makabartar halittun wasan take. Ƴan sautuka ne masu tsini da ba su jitu da juna ba, suna ta maimaituwa. Kunne yana jiran su sauka, ba su sauka. Wannan jiran shi ke sa gaba ta faɗi. Ba aljani a ciki, gwanintar ɗan Adam ce.

Wajen 2010 aka baza labari a intanet wai kiɗan ya hallaka yara a Japan. Ƙarya ce. Abin da ya faru da gaske daban ne: ran 16 ga Disamba 1997 wani shirin Pokémon na talabijin ya nuna walƙiyar ja da shuɗi, aka kai mutane 685 asibiti, galibinsu yara. Haske ya jawo haka, ba sauti ba.

Kada mu ɗora wa yaro tsoro a kan tsoro da jita-jita, kada kuma mu yi masa dariya. Mun zauna da namu da rana tsaka, muka saurari kiɗan tare, muka gaya masa sunan wanda ya yi shi. Sannan muka kafa doka: bayan isha waya tana kwana a ɗakin uwa. Abin da yaro ya san tushensa ba ya binsa shimfiɗa.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai fitowa ta gaba.