A Ceci Tsohuwar Kwalejin Katsina

Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ginin ƙasa ne, kuma ba shi da abokin gaba kamar ruwa. Masu shafe irin wannan gini da siminti da sunan gyara ɓarna suke yi, domin siminti yakan tsare laima cikin bango har tubali ya narke, azara ta ruɓe. Wajibi ne hukuma ta haɗa injiniyoyi da maginan gargajiya, su auna ƙarfin harsashi da rufi, su gyara indararo, su yi yaɓe da makuba, tun kafin a ja wayar lantarki ko guda.