Karatun Gida a Ƙauyukan Amurka: Abin Koyi da Abin Tsoro



Kwanakin baya, bayan an tashi daga taron dattawa, wani uba mai 'ya'ya tara ya tsayar da mu a gindin darbejiyar da ke bakin majami'a. Ya ce ya ji labari wai a Amurka akwai iyalai masu yawan 'ya'ya da ke zaune a karkara, ba sa kai yara makaranta, uwa ce malama, gida ne aji, yaran kuwa suna tashi da ilimi da ladabi. Ya ce kuɗin makaranta ya fi ƙarfinsa, hanyar makarantar kuma ba ta da tsaro, to me zai hana shi ma ya yi haka? Ba mu ba shi amsa nan take ba, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Mun yi masa alkawari za mu duba rayuwar waɗannan iyalai, mu kawo abin da muka gani a wannan shafi, domin mun san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Labarin da ya ji gaskiya ne. A shekarun 1970 wasu masana ilimi a Amurka, irin su John Holt da kuma Raymond Moore da matarsa Dorothy, suka fara kira ga iyaye su karɓi karatun 'ya'yansu a hannunsu. A wancan zamani akwai jihohin da ake gurfanar da iyaye gaban shari'a saboda wannan, amma zuwa 1993 dukan jihohi 50 na ƙasar sun halatta shi. Ma'aikatar ilimin ƙasar ta ƙiyasta cewa a 1999 yara kimanin 850,000 ne ke karatu a gida, zuwa 2012 kuma sun kai wajen 1,800,000. Binciken na 1999 ya nuna kashi 62 cikin 100 na waɗannan yara sun fito ne daga gidaje masu 'ya'ya uku ko fiye, alhali a cikin sauran 'yan makaranta kashi 44 ne. Da yawa daga cikin iyayen dalilin addini da tarbiyya ne ya sa su, wasu kuma yanayin makarantun ne bai kwanta musu a rai ba.

Bari mu shiga irin wannan gida, a ce mai yara takwas ko goma, a wurin da sai ka yi tafiya kafin ka iske maƙwabci. Tun da asuba kowa ya san aikinsa. Manya su tatsi saniya ko awaki, na tsakiya su ba kaji hatsi su kwashe ƙwai, wani ya shigo da itace in lokacin sanyi ne. Bayan karin kumallo, a gidajen masu bi akan yi addu'ar iyali, sa'an nan a share teburin cin abinci, ya zama aji. Uwa takan fara da ƙanana masu koyon baƙaƙe, jariri a cinya, manya kuwa su buɗe littattafansu su ci gaba daga inda suka tsaya jiya. Akwai kamfanonin da ke buga littattafan manhaja waɗanda irin waɗannan gidaje ke saya, kamar Abeka na jihar Fulorida, da littafin ɗalibi da na malami da na amsoshi. Tarihi da labarin ƙasa akan karanta wa kowa a zama ɗaya, lissafi kuwa kowa da matakinsa. Da yake ba kiran suna, ba jiran yara arba'in su yi shiru, sau da yawa zuwa azahar an rufe littafi. Yamma ta gona ce da lambu da gyaran inji da ɗinki. Sau ɗaya a mako uwa takan kwashi yara a doguwar mota mai kujeru 12 ko 15, a je laburaren gari, ko a haɗu da wasu iyalai a zauren wata majami'a, inda wata uwa mai ilimin kimiyya za ta koya wa yaran kowa, wata kuma ta koyar da waƙa.

Akwai kyau a cikin wannan rayuwa, ba mu musu. Yaro yana ganin amfanin lissafi a awon hatsi, ƙarami yana koyo daga babba, iyaye kuma sun san abin da ke shiga kan 'ya'yansu. Amma sai mu tambaya, wa ke ɗauke da kayan? Uwa ce. Ita ce malama, ita ce mai girki, ita ce mai jinya, ba albashi, ba hutun ƙarshen zango. Yawancin irin waɗannan gidaje da samun mutum ɗaya suke rayuwa, galibinsu kuma da aljihunsu suke sayen littattafai, bayan harajin gida da suke biya wanda da shi ake riƙe makarantun gwamnati. Ranar da uwa ta haihu ko ta kwanta ciwo, makaranta ta tsaya, ko kuwa kayan ya sauka a kan babbar 'ya. Wasu daga cikin matan da suka tashi a irin waɗannan gidaje sun ba da shaida bayan sun girma cewa tun suna 'yan shekara goma sha suka zama masu reno da koyar da ƙanne, nasu karatun ya tsaya, ba kuwa wanda ya lura.

Iyalai biyu da labarinsu ya bazu za su nuna mana inda hanya ta rabu. A 1973 David Colfax, wanda ya taɓa koyarwa a jami'a, da matarsa Micki, malamar makaranta, suka koma wani tudu kusa da garin Boonville a jihar Kalifoniya, ba lantarki, ba tarho. Su da 'ya'yansu maza huɗu suka gina gida da hannunsu, suka yi kiwon awaki da tumaki, suka cika gidan da littattafai. Babban ɗansu Grant sai da ya kai shekara tara kafin ya iya karatu, amma a 1983 jami'ar Harvard ta ɗauke shi, ƙannensa biyu kuma suka bi bayansa. Daga baya ya zama likita.

Ita kuwa Tara Westover, auta ce a cikin 'ya'ya bakwai a wani ƙauye na jihar Idaho. Bisa ga abin da ta rubuta a littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 2018, mahaifinta bai yarda da makarantar gwamnati ba, bai yarda da asibiti ba. Da sunan karatun gida aka tsare su, amma mafi yawan kwanakinsu a wurin tara tsofaffin ƙarafa na mahaifinsu suka ƙare, cikin haɗari da raunuka. Ba ta sami takardar haihuwa ba sai tana da shekara tara, ba ta taɓa zama a aji ba sai tana da 17. Ita ta koya wa kanta abin da ya kai ta jami'a, har ta sami digiri na uku a Kambirij a 2014. Danginta sun musanta wasu sassan labarin, ita kuwa ta rabu da iyayenta. Wanda ya ce ai ga shi ta yi nasara, sai ya tuna da yaran da ba su sami ƙarfin halin da ta samu ba, waɗanda ba wanda zai taɓa jin labarinsu.

Gidajen nan biyu duka a karkara suke, duka da aikin hannu, duka ba makaranta. Bambancinsu shi ne, a gida ɗaya iyaye suna da abin koyarwa, suna kuma shirya 'ya'yansu su fita su gwada kansu da na wasu, ɗaya gidan kuwa an rufe ƙofa saboda tsoron duniya. Dokokin jihohin ma sun bambanta. A jihar Niyok dole iyaye su miƙa wa hukuma tsarin karatun yaro, su kai rahoto sau huɗu a shekara, a kuma auna yaron kowace shekara. A Idaho kuwa ko sanar da hukuma doka ba ta nema ba. Ra'ayinmu a nan a fili yake. Uban da ke koyarwa da gaskiya ba ya tsoron a gwada ɗansa. Ɗa na kowa ne, gidan da ba mai leƙawa kuwa, mai ƙaramin ƙarfi ne ke shan wuya a cikinsa.

Tun kafin Amurkawa su fara wannan, akwai wata uwa da ya kamata mu tuna da ita. Susana Wesley, matar wani fasto a ƙauyen Epworth na ƙasar Ingila, ta haifi 'ya'ya 19, tara daga cikinsu suka rasu suna jarirai. Sauran ita ta koyar da su a gida, sa'a shida kowace rana, yaro yakan fara koyon baƙaƙe da zarar ya cika shekara biyar. Ta keɓe wa kowane yaro lokacinsa a mako da za su zauna su biyu, ɗanta John nasa ranar Alhamis ne da yamma. Ta kuma kafa doka a gidanta cewa ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Duk da ƙwazonta ba ta riƙe yaran har abada ba. A 1714 aka kai John makarantar Charterhouse a Landan yana da shekara goma, daga baya kuma aka kai ƙanensa Charles makarantar Westminster, daga nan duka biyu suka tafi Oxford. Ta san abin da gida ke iya bayarwa, ta kuma san iyakarsa.

To, ga amsarmu ga wannan uba da duk mai irin tunaninsa. Muddin akwai makarantar da yaro zai iya zuwa ya dawo lafiya, kada a cire shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala. Ban da wannan, uwar gida a ƙauyukanmu ita ce ke gona, ita ce ke rijiya, ita ce ke surfe, ba laburare a kusa, ba mota, ba littafin malami. In muka ɗauko sunan karatun gida muka bar kayan aikinsa a Amurka, abin da zai faru shi ne maza su koma kiwo, mata su koma reno da talla, a wayi gari ba wanda ya iya rubuta wasiƙa.

Amma teburin nan nasu abin ɗauka ne. Mun ga yadda annobar korona ta rufe makarantu watanni a 2020. Mun ga yadda aka sace ɗalibai fiye da 120 a makarantar Bethel Baptist da ke jihar Kaduna a watan Yuli na 2021, da yadda satar ɗalibai ta sa aka rufe makarantu a jihohi da dama a waccan shekara. A irin waɗannan kwanaki kowane gida ya zama makaranta, ko ya shirya ko bai shirya ba. Saboda haka muna roƙon abu huɗu.

Na farko, kowane gida ya keɓe sa'a ɗaya kowace rana ta karatu, ko a kan tabarma ne da fitila, babba ya ja ƙarami, uba kuma ya zauna a wurin ko da shi bai yi boko ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen yaranta da ajin kowanne, da sunayen malaman da suka yi ritaya da ɗaliban manyan makarantu da ke cikinta, domin ranar da aka rufe makaranta a haɗa yara a majami'a ko a zauren wani dattijo tun makon farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, mu tsare karatun babbar 'ya. Taimakon uwa wajibi ne a kanta, amma reno kada ya cinye littafinta. Zumuntar mata ta sa ido a kan wannan, ta kuma tallafa wa mai jego domin kada yarinya ta fasa makaranta.

Na huɗu, dattawa in kun je ziyara, bayan gaisuwa da addu'a ku kira yaro ku ba shi littafi ya karanta a gabanku, ku tambayi yarinya ajinta nawa. Wannan ba shisshigi ba ne, aikin kiwo ne da aka danƙa muku.

Mun kai wa uban nan wannan amsa a gidansa kafin mu rubuta ta a nan. Bai ji daɗinta duka ba, gama kuɗin makaranta yana nan yana jiransa, mun kuma sa maganar a gaban kwamitin ikkilisiya. Amma kafin mu fito ya kira 'yarsa ta fari ta kawo littafinta.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon waɗanda ya ba mu amana. Amin.