ROMON BAKIN MAI ƊAUKAR KURATA

Akwai wani saje a ƙasar Amurka wanda ba ya zaune a bariki. Ofishinsa yana cikin gari, sau da yawa a jerin kantuna, aikinsa kuwa shi ne ya shawo kan samari da 'yan mata su sa hannu a takardar shiga soja. Tun 1973 da Amurka ta daina ɗaukar soja na tilas, duk wanda ya sa kaki sai da aka lallashe shi, wannan saje kuwa shi ne mai lallashin. Muna maganarsa yau domin cikin masu karatunmu akwai waɗanda 'ya'yansu ke can, sun gama jami'a, sun sami takardar zama 'yan ƙasa, suna kuma sha'awar zama hafsoshi. Hanyarsu ta biyo ta kan teburin wannan mutum.

Ga yadda abin yake a rundunar sojan ƙasa. Wanda bai shiga makarantar West Point ba, bai kuma yi horon hafsa tare da karatunsa na jami'a ba, babbar ƙofar da ta rage masa ita ce makarantar koyon hafsa da ke barikin Benning a jihar Jojiya. Tilas ya zama ɗan ƙasa, yana da digiri, ya ci maki 110 a wani sashe na jarrabawar shiga soja, likita ya duba shi, ya kawo takardun shaida daga manyan mutane, sa'an nan ya zauna gaban wani kwamiti na hafsoshi su yi masa tambayoyi. In an zaɓe shi sai ya yi mako 10 na horon kurtu, ya ƙara mako 12 a makarantar, kana a liƙa masa anini. Duk wannan tarin takardu saje ne zai haɗa shi ya aika. In bai aika ba, ba wanda ya san ana neman wani abu.

To, a nan gizo ke saƙar. Mu ɗauka yaro ya je ofis ya ce hafsa yake so. Ran farko sai fara'a da shan hannu. Bayan mako biyu ya buga waya, ba a ɗauka. Ya je da ƙafarsa, an ce saje ya fita. Takardar da ya kai a watan jiya an ce ta ɓace, a sake kawowa. Ranar zaman kwamiti ta wuce ba a gaya masa ba. Can da ya gaji, sai saje ya zaunar da shi ya ce, ai ɗan'uwa hanyar nan tana da tsawo, me zai hana ka shiga a kurtu yanzu, tun da kana da digiri za a ba ka muƙami na huɗu daga ƙasa, in ka shiga ciki neman hafsa ya fi sauƙi. Maganar nan ba ƙarya ce tsantsa ba, shi ya sa take cin mutane. Lalle ƙaramin soja yana iya neman makarantar hafsa. Amma a lokacin ba shi da ikon kansa, sai kwamandansa ya yarda ya sa masa hannu, sai in aikin rundunar ya ba da hali, shekarun haihuwa kuwa suna tafiya, alhali akwai iyakar da in an wuce ta ƙofa ta rufe.

Wani zai ce ai halin mutum ɗaya ne. Mu ba mu yarda ba, ruwa ba ya tsami banza. Ana auna mai ɗaukar kurata da yawan kawunan da ya kawo. A shekarun yaƙin Iraƙi abin da aka saba ɗora wa kowane ɗaya shi ne mutum biyu a wata. Yaron da ya gama sakandare ana iya gama maganarsa cikin 'yan makonni. Mai neman hafsa kuwa zai ci watanni, ga rubuce-rubuce, ga jiran kwamiti, ƙarshe ma a iya ƙin sa, wahalar saje ta tashi a banza. Wane ɗan kasuwa ne zai bar cinikin da ke faɗuwa yau ya bi wanda ba tabbas? Waɗanda suka tsara lissafin nan suna zaune a manyan ofisoshi, su ne ya kamata a fara tambaya.

Ba zato muke yi ba. A 2005 rundunar sojan ƙasa ta nemi kurata 80,000, ta kasa da fiye da 6,000. A wannan shekarar wani ɗalibin sakandare mai shekara 17 a jihar Kolorado, David McSwane, ya yi shigar wanda ya bar makaranta kuma yana shan ƙwaya, ya ɗauki muryar masu ɗaukar kurata suna koya masa yadda zai sami takardar makaranta ta jabu, da yadda zai tsallake gwajin fitsari. Abin ya yi ƙamari har ran 20 ga Mayu 2005 aka dakatar da ɗaukar kurata na yini guda a ƙasar duka domin a sake yi wa ma'aikatan gargaɗi. Shekara ta zagayo, ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin Majalisa ya ba da rahoto cewa ƙarar da aka kai kan masu wannan aiki ta tashi daga wajen 4,400 a 2004 zuwa wajen 6,600 a 2005, waɗanda aka tabbatar kuwa daga 400 da 'yan kai zuwa kusan 630. Wannan fa abin da aka kai ƙara ke nan. Yaron da aka yi wa shiru har ya haƙura ba ya cikin lissafi.

Kada kuma a ce ba mu tausaya wa sajen ba. Da yawansu ba su nemi aikin ba, daga fagen fama aka kwaso su aka zaunar a tebur. A bataliyar ɗaukar kurata ta birnin Houston mutum huɗu suka kashe kansu tsakanin 2005 da 2008, binciken da aka yi kuwa ya ambaci matsin da shugabanni ke yi musu. Mutumin da ake taka wuyansa haka, ina zai sami natsuwar bin takardun ɗan wani?

Amma tausayi ba zai mai da wa yaro shekarunsa ba, saboda haka ga abin da muke gaya wa namu. Takardar yarjejeniyar shiga soja da kanta ta faɗa ƙarara cewa alkawarin gwamnati shi ne abin da aka rubuta a cikinta da maƙalallunta, duk wani abin da wani ya yi maka alkawari da baki ba za a cika ba. Gwamnati ta riga ta wanke hannunta daga bakin ma'aikacinta tun kafin ya buɗe shi. In takarda ba ta ce makarantar hafsa ba, to ba makarantar hafsa, ko da saje ya rantse. Sa hannun nan kuwa na shekara 8 ne, wasu a bakin aiki, saura a jiran kira. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wanda ya shiga da takardar neman hafsa ya faɗi a makarantar, ba gida zai koma ba, zai ƙarasa wa'adinsa yana ƙaramin soja. Ya kamata yaro ya ji wannan tun yana gaban tebur.

Kowace takarda da za a miƙa, a riƙe kwafinta. Kowace magana mai nauyi, a nemi a aiko ta a rubuce. A tambayi ranar zaman kwamiti da ranar da ake rufe karɓar takardu, a rubuta su a bango. In saje ya ɗauke ƙafa, yana da shugaba a ofishin nan, shugaban kuma yana da kyaftin a kansa, zuwa wurinsu ba rashin kunya ba ne. Wanda bai sa hannu ba farar hula ne, ba a ɗaure shi da ofis guda ba, yana iya ɗaukar takardunsa ya tafi wani. Sojan ruwa da sojan sama suna da ma'aikata dabam masu kula da neman hafsa kaɗai, sojan kundumbala na ruwa ma hafsa sukutum suke sa wa aikin. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa shi ne ɓoye ciwo ko tsohon laifi don saje ya ce a yi shiru. Ranar da asiri ya tonu, sa hannun da ke kan takardar na yaron ne.

Mun san wasu za su ce ko rubutaccen alkawarin ma yana rawa, ba mu kuwa musa ba. A 2009 aka buɗe wani shiri na ɗaukar baƙi masu jin harsunan da soja ke bukata, Hausa na ciki, bisa alkawarin ba su takardar ɗan ƙasa da sauri. Fiye da mutum 10,000 suka shiga. A 2016 aka rufe ƙofar, aka bar ɗimbinsu suna jiran binciken da ba ya ƙarewa, a 2018 kuma aka shiga sallamar wasu ba tare da cikakken bayani ba. Amma waɗanda suka je kotu da takarda suka je, wasu kuwa an mai da su bakin aiki. Mai alkawarin baka me zai nuna wa alƙali?

A 2022 rundunar ta nemi 60,000 ta kasa da 15,000. A watan Oktoba 2023 Sakatariyar Sojan Ƙasa ta lokacin, Christine Wormuth, ta ba da sanarwar mai da ɗaukar kurata sana'a ta dindindin mai ƙwararrunta, da niyyar jawo masu ilmi fiye da sakandare. Madalla. Amma mu abin da muke nema daga masu tsara wannan aiki bai wuce biyu ba: a ware wa mai neman hafsa ma'aikacin da ba a auna shi da yawan kurata, kuma ranar da yaro ya miƙa takardunsa a ba shi rasit mai kwanan wata da sunan wanda ya karɓa.